Daga Chana zan yi odar kaya da sunana, ko in duba na gida?

Auwalu Gagarawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani kada ya yi shiru. Bana na sayar da riɗina, na haɗa da ɗan abin da na tara a teburin POS, kuɗin sun tasam ma naira 900,000. Wata biyu ke nan ina bin bidiyoyi a YouTube a kan wata sana'a: ba kai za ka ƙera kaya ba, kamfani za ka samu a Chana ya ƙera, ya buga sunanka da tambarinka a jiki, kai kuma ka ɗora a kasuwannin intanet irin su Jumia ko Konga, in Allah ya ɗaga ka har Amazon, ka sayar a matsayin naka. Na shiga Alibaba, shafin da ake samun kamfanonin Chana, na yi magana da mutum uku a kan fawa bank. Biyu sun ce ba sa buga suna sai in zan ɗauki guda 500, ɗaya ya sauko 300. Suna na riga na zaɓa, ƙanwata ma ta zana mini tambarin a waya. Akwai wanda ya taɓa yi a cikinmu? Kuma zaman ƙauye zai hana? Don ni gaskiya ba zan koma Kano da zama ba, tsohuwa ba ta da wani namiji a gida sai ni.

Ɗan Kura:
Wa alaikumus salam, shugaban kamfani. Wato daga Gagarawa sai Amazon kai tsaye, ko Gumel ba za a tsaya a sha ruwa ba?

Auwalu Gagarawa:
Kai dai ba ka rabo da tsiya. Ka bari manya su yi magana.

Alhaji Sabo Singa:
Auwalu ɗana, abin da ka gani a bidiyo ba sabo ba ne, riga kawai aka canza masa. Ka shiga Kantin Kwari ka ɗaga shadda ko atamfa ka karanta sunan da ke bakinta. Da yawa sunan ɗan kasuwar Kano ne, ko na 'yarsa, amma masaƙar tana Chana, shi ko zare bai taɓa riƙewa ba. Mu ma a Singa akwai irin wannan. Sai dai su da kwantena suke yi, kai kuma da kuɗin riɗin damina ɗaya.

Farashin da ɗan Chana ya faɗa maka na bakin kamfani ne. Babu kuɗin jirgi a ciki, babu kwastan, babu na wanda zai fito maka da su, babu motar Legas zuwa Kano. Kayan lantarki kuma akwai takardar shaidar inganci ta SONCAP da ake nema kafin su shigo. Abu mai batir ba kowane mai jigila ke yarda ya sa shi a jirgin sama ba, wanda ya yarda kuɗinsa daban ne. In ta ruwa ne, ka cire ranka da kuɗinka wata biyu zuwa uku. In odarka ta faɗa lokacin sabuwar shekararsu, wajen ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, kamfanoni rufewa suke yi har makonni, ka yi ta tura saƙo babu mai kula ka.

Sai kuma dala. Ni ganau ne ba jiyau ba. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati bai kai naira 500 ba, farkon 2024 ta haye 1,500. Na san waɗanda suka sayar da kayansu kaf, a takarda sun ci riba, da suka juyo za su sake oda kuɗin bai sayi rabin abin da suka sayar ba.

Auwalu Gagarawa:
Ranka ya daɗe na gode. Amma ai mutumin ya ce zai fara aiko da samfur in gani tukuna.

Musa Mai Gyaran Waya Ringim:
Samfur ai kullum mai kyau ne, kamar tumatirin saman kwando. Ni fawa bank nawa na farke a shagona. Za ka ga an rubuta ƙarfinsa 20,000 a jiki, ka buɗe ka tarar da batir biyu, sauran wurin an cika shi da ɗan ƙullin yashi don ya yi nauyi a hannu. Wallahi da idona. Ba duka ba, akwai kamfanoni masu amana, amma kai daga Gagarawa da me za ka tantance? Kana da na'urar auna batir? Ga inda gizo ke saƙar: yau in na sayar wa mutum fawa bank ya kumbura, sai in ce ai kamfanin ne, mu taru mu zage su tare. In sunanka ne a jiki fa, wa za ka nuna?

Maman Hanifa Haɗeja:
Musa ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Auwalu ƙanena, ni shekara huɗu ke nan ina wannan sana'ar da kake faɗa, sai dai kamfanina na farko ba a Chana yake ba, tsakar gidan wasu mata ne a wani ƙauye kusa da mu. Yajin daddawa da garin kunun gyaɗa. Ni ban daka, ban tankaɗe. Su suke yi, ni in zuba a roba in liƙa sitika mai sunana.

Karon farko roba 40 na yi. Yajin nan ko ni da na ɗanɗana sai da na lumshe ido. Mako biyu ya ƙare, wata mata a Abuja ta sake neman goma ta raba wa ƙawayenta. Sai kaina ya kumbura. Gab da azumi na tura kuɗin roba 200, na ce su sayo kayan haɗi da kansu tunda sun saba, ni ban ko leƙa ba. Ashe barkono ya yi tsada a lokacin. Ba wai mugunta ba ce, su a ganinsu dabara suka yi don kuɗin ya isa: suka rage barkono da citta, suka ƙara gishiri. Daddawar kuma ba ta gama bushewa ba aka daka. Ni da na karɓa na ga launi iri ɗaya, na zuba, na rufe, na aika.

Kwana goma sha biyu sai ga hoto. Mata ta kifa robar a kan faranti, yajin ya faɗo dunƙule guda kamar sabulu, ya ɗauki siffar robar har da zanen gindinta. A ƙasan hoton ta ba ni tauraro ɗaya, ta rubuta abin da ba zan maimaita a nan ba. Na zauna a bakin gado ina kallon hoton, sunana ɓaro-ɓaro a jikin robar, da lambar wayata. Ba wanda ya san Inna da ta daka. Roba 60 da wani abu aka dawo mini da su, kuɗin motar zuwa da na dawowa duk a kaina.

Tun daga ranar na canza tsari. Ni nake sayen kayan haɗi. Na sayi sikeli, na daina awo da mudu, don mudun wannan ba na waccan ba ne, wata ta tsoro shi wata ta shafe. Na rubuta awon komai a littafi: barkono kilo kaza, daddawa kaza, gishiri kaza. Ladan aiki nake biya, ba kaya nake saya ba. Kowane dakan da aka yi sai na ajiye roba ɗaya a kabad da kwanan wata a jiki, in ƙorafi ya zo in buɗe tawa in gani. To ka ga ni mutanen da ke yi mini aiki tafiyar minti 25 ce a babur, yarenmu ɗaya, na san mazajensu, amma haka ta faru. Kai kuma naka yana bayan teku, da fassarar waya kuke magana.

Hajara Ɓaɓura:
Allah sarki Anti. Ni ma na ci wannan yajin na dunƙule, ban dai faɗa miki ba ne lokacin.

Maman Hanifa Haɗeja:
Ja'ira. Sai yau?

Auwalu Gagarawa:
Anti na ji, kuma jikina ya yi sanyi. Amma fisabilillahi ni namiji da NCE ɗina in koma tallan yaji?

Maman Hanifa Haɗeja:
Wa ya ce yaji? Zoɓon da kuke shukawa a gefen gona fa? Riɗin da ka sayar ka samu wannan kuɗin fa, ka san inda ya tafi?

Nura Dawanau:
Bari in faɗa masa inda ya tafi, tunda a gabana ake lodi. Zoɓon Jigawa da ake tarawa a Maigatari ranar Alhamis da sauran kasuwanni, nan Kano yake zuwa, mata su zauna a sito su tsince shi, a matse a kwantena. Babban mai sayensa Meksiko ce, can abin shansu ne na yau da kullum kamar yadda muke sha. Wani kuma ya tafi Turai a niƙa shi a sa a 'yan jakunkunan shayi, a buga sunan wani a kwali. Wato sana'ar da kake son yi da kayan Chana, wasu suna can suna yin ta da kayan bayan gidanku.

Amma kada in yi maka daɗin baki. Kayan abinci ba sa yafe ƙazanta. Akwai shekarun da Meksiko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda wani ƙwaro da aka samu a cikin kaya, manoma da 'yan sari suka ji a jikinsu. Tarayyar Turai kuma ta hana shigar da wakenmu tun 2015 saboda maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya. Gyaɗa in ta sha danshi tana yin wata guba ta fumfuna da ido ba ya gani. In za ka shiga, da tsafta da bushewa za ka fara, ba da tambari ba.

Sadiya Kazaure:
Ni fa ban yarda a tsorata yaron nan da Chana gaba ɗaya ba. Baba Alhaji, da girmanka, lissafin kwantena ka yi masa. Ni shekara biyu ina sayo 'yan kunne, fil ɗin hijabi da ribbon ɗin yara daga 1688, wani shafin sari na Chana, ta hannun wakili, kilo biyar, kilo takwas, ta jirgin sama. Ban taɓa cewa kamfani ya buga mini suna ba. Marasa suna nake saya, in sun iso in sa su a katin da na buga a Kano da 'yar leda mai sunana. Ba batir, ba ya ruɓewa, ba ya fashewa, ba shi da nauyi. Da naira 70,000 na fara. Matsalarsa ba Chana ba ce, abin da ya zaɓa ne, da kuma son zuba kuɗinsa duka a tashi ɗaya.

Alhaji Sabo Singa:
'Yata ban musa miki ba. Amma ki faɗa masa gaskiya, nawa ne a cikin cinikinki yake zuwa daga waɗancan manyan kasuwannin na intanet, nawa ne daga WhatsApp da Instagram?

Sadiya Kazaure:
To, gaskiya mafi yawa daga status ne da bikin ƙawaye.

Alhaji Sabo Singa:
Madalla. Abin da nake son ya ji ke nan.

Bello Wudil:
Tunda an zo nan bari in sa baki, don ni na ɗanɗana. Takalman fata nake sa wa masu ɗinki a cikin birni su yi mini, a buga hatimina a tafin. Na buɗe shago a ɗaya daga cikin kasuwannin nan, ba zan kama suna ba. Buɗewa ba wuya, kwana kaɗan aka amince. Wahalar tana gaba.

In oda ta shigo, an ba ka ɗan lokaci ƙayyadadde ka kai kayan wurin karɓarsu. Ni ina Wudil, wurin karɓa yana cikin Kano. Oda ɗaya tak ta takalmi ƙafa ɗaya za ta shigo, in rufe shago, in hau mota, in hau adaidaita, kuɗin motar ya cinye ribar. In na ce bari in jira su taru, lokaci ya wuce, a soke odar, makin shagona ya sauka, kayana su koma can ƙasan shafi inda ba mai gani. Kai da ke Gagarawa sai ka fito Gumel ko ka bi ta Gujungu kafin ka kama hanyar Kano. Ka lissafa da kanka, da kuɗin mota na bayan cire tallafin mai.

Sai kuma tsarin da mai saye ba ya biya sai kaya sun iso masa. Mutum yana kwance da dare ya danna oda don nishaɗi, mako guda bayan nan ɗan aike ya kira shi ya ƙi ɗagawa. Takalmi ya je Fatakwal ya dawo, kwali ya yamutse, wata guda kuɗina a ɗaure. Sannan la'adarsu, wadda ta danganta da irin kayan, ana cirewa kafin kuɗinka ya shigo, kuma ba ranar da aka saya ake biyanka ba. Abin da ya ƙarasa ni, wata uku da farawa sai ga wani ya ɗora takalmi irin nawa sak, har hoton nawa ya ɗauka ya goge hatimin, ya rage naira 1,500. Wurin mai ɗinkina ya je.

Ɗan Kura:
Mai ɗinkin naka ma ɗan kasuwa ne ai, shi ma kamfanin Chana ne na cikin birni.

Bello Wudil:
Ka faɗi gaskiya cikin wasa. Duk mai yi maka kaya zai yi wa wani. Ban daina ba fa, har yanzu shagon yana nan, amma yanzu na ajiye kaya wurin ƙanin matata a Kano, shi yake kaiwa, ina ba shi wani abu a kan kowace oda. Auwalu, in ba ka da mutum amintacce a birni, kada ka fara.

Salisu Data:
Masu buƙatar data mai araha ku yi mini magana ta gefe, akwai garaɓasa yau.

Shugaban Zaure:
Salisu, ranar talla Asabar ce. Wannan na biyu ke nan. Masu turo murya kuma don Allah ku rubuta, ba kowa ke da datar saurare ba.

Hafizu Ɗalibi Dutse:
Game da Amazon da ya ambata. Waɗancan masu bidiyon yawanci a Amurka ko Ingila suke, da asusun banki da adireshi a can. Shagon ƙwararru a Amazon ta Amurka dala 39.99 ne duk wata, ko ka sayar ko ba ka sayar ba, kuma a yawancin kaya suna cire wajen kashi 15 cikin 100. In ka tura kaya rumbunsu su riƙa aikawa a madadinka, akwai kuɗin ajiya da na aikawa daban. Ba za su ba ka kariyar suna ba sai kana da rajistar tambari, ko aƙalla ka shigar da takardun nema. In abinci ne kuma sai an bi ta FDA, hukumar abinci da magunguna ta can. Da yawa daga masu bidiyon nan, a ƙarshe za ka ji sun ce ka sayi darasinsu. Ni a nan na gane inda ribarsu take.

Kabiru Mai Kwamfuta Dutse:
Ni aikina cike wa mutane takardu ne, bari in warware wani abu da kullum ake cakuɗawa. Mutum zai zo da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana murna wai ya mallaki suna. A'a. CAC sunan kasuwancinka ta yi wa rajista, don ka buɗe asusun banki da shi, ka yi hulɗa a hukumance. Sunan da ke jikin kaya da tambarinsa, rajistarsu daban ce, a ofishin rajistar tambari da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya. Kuma rukuni-rukuni ne, guda 45. Shayi, kayan yaji da zuma suna rukuni na 30, man girki na 29, kayan shafa na 3, fawa bank ɗinka na 9. In ka yi a ɗaya, bai rufe maka sauran ba. Ana fara bincike a ga ko wani ya riga ka. Rajistar farko shekara 7 ce, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14. Don haka Auwalu, kafin ka buga leda ko ɗaya, a bincika sunan nan da ƙanwarka ta zana.

Abin ci, abin sha da abin shafawa da aka ƙulle a mazubi kuma sai da lambar NAFDAC. Suna zuwa su duba wurin da ake sarrafawa, su gwada kayan, su duba takardar jikin. Dole ta nuna sunan kaya, abin da aka haɗa, nauyi, lambar rukunin da aka yi, ranar yi da ranar lalacewa, da suna da adireshin mai sarrafawa. Lambar tana shekara 5 a sabunta. Ga abin da ya shafe ka kai tsaye: in ba kai ke da wurin ba, kana iya ƙulla yarjejeniya a rubuce da wani kamfani mai wurin da ya cika sharaɗi ya riƙa sarrafa maka, a shigar da takardar yarjejeniyar cikin neman rajistar. Hanyar da doka ta sani ke nan. In kana son manyan kantuna su karɓa, za su tambaye ka lambar zane-zanen nan da ake haskawa a wurin biya, wata ƙungiya mai suna GS1 ke bayarwa, ta Najeriya da 615 take farawa.

Maman Hanifa Haɗeja:
Hakan na yi daga baya. Tsakar gida ba ta wuce dubawa, ga kaji ga awaki. Yanzu matan suna gyara da shanya, niƙa da ƙullawa a wani ƙaramin kamfani a Kano. Ya ɗauke ni lokaci da zirga-zirga, ba zan ɓoye ba.

Ɗan Kura:
Duk wannan dogon Turanci. Ni na san mai buga sitika da zai sa maka lamba a jiki, ko ka ari ta wani mai ruwan leda. Wa zai duba?

Kabiru Mai Kwamfuta Dutse:
Kowa ma. Lambar kaya ɗaya ta mutum ɗaya ce, ana shiga intanet a duba a ga sunan kayan da aka ba wa. Ranar da aka ga lambar ruwan leda a jikin zoɓo, ba kayan kaɗai za a kwashe ba.

Ɗan Kura:
Wasa nake yi jama'a, kada a kai ni.

Auwalu Gagarawa:
Allah ya gafarta Malam Isa, ina ganin kana karantawa. Wani abokina ya ce mini wai sa sunanka a abin da ba kai ka yi ba yaudara ce. Yaya abin yake?

Malam Isa Taura:
Auwalu, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka shiga. Ka sa mai sana'a ya ƙera maka abu bisa siffar da kuka yi yarjejeniya, malamai sun san shi tun da, shi ake kira istisna'i. Ko tela da kake kai wa ɗinki hakan ne. Sharaɗin shi ne a fayyace komai: iri, yawa, awo, farashi, lokaci, don kada a bar ƙofar jayayya. Sa sunanka kuwa ɗaukar alhaki ne, kana cewa ni na tsaya wa wannan kaya. Ba laifi a nan.

Yaudara tana shigowa ta wasu ƙofofin. Ka ce kai ka sarrafa alhali ba kai ba ne. Ka kankare sunan wani ka liƙa naka ba da izininsa ba, ko ka kwaikwayi tambarin wani don a zaci nasa ne. Ka rubuta giram 100 ka zuba 85. Ka sa hoton da ya fi kayan kyau. Hadisi ne ingantacce a Sahihu Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A intanet mai saye ba shi da hannun da zai cusa, hotonka da rubutunka kawai yake da su, don haka nauyin ya fi yawa a kanka. Kuma ina roƙonka, kada ka rubuta yana maganin hawan jini, yana maganin suga, yana maganin kaza, kamar yadda ake yi yanzu. Abin sha ne, ka ce abin sha ne.

Kabiru Mai Kwamfuta Dutse:
Ko a wurin hukuma ma, da'awar magani a jikin abinci tana hana a ba ka lamba.

Sadiya Kazaure:
Malam, nawa fa? Marasa suna nake saya in sa a katina.

Malam Isa Taura:
Matuƙar ba ki ce zinare ne ba alhali ruwansa aka shafa, ki ci gaba da kasuwancinki.

Alhaji Sabo Singa:
Auwalu, ga aikin gida. Ɗauki takarda, ka ce ƙulli ɗaya za ka sayar naira 2,000, misali nake yi. Cire kuɗin zoɓon bayan an tsince, ba kafin ba. Cire leda da sitika, ladan mai ƙullawa, mota zuwa Kano, la'adar kasuwa, ladan yaron da zai kai, datar da za ka ƙona da kuɗin talla. Sannan a kowane goma ka ɗauka ɗaya zai dawo ko ya lalace. Abin da ya rage shi ne naka. In bai kai ya saya maka buhu na gaba ba, ka bar kuɗinka a riɗi. Kuma kashi uku za ka raba jarin: ɗaya ka gwada da shi, ɗaya na takardu, ɗaya kada ka taɓa ko da wa ya rantse maka.

Sadiya Kazaure:
Ni dai har yanzu ina ganin zoɓo kowa na da shi a Arewa. Wa zai biya kuɗin aike a kan abin da ke bakin layinsu?

Maman Hanifa Haɗeja:
Ba 'yar Kazaure zai sayar wa ba ai. Ma'aikaciyar Legas ce da ba ta da lokacin tsince yashi, ta fi so ta yage leda ta zuba a tukunya, da citta da kanumfari a haɗe. Tsaftar take saya.

Sadiya Kazaure:
To Allah ya sa. Zan so in ga lissafin bayan wata shida.

Auwalu Gagarawa:
Salam jama'a, na dawo da rahoto. Na ce wa ɗan Chana ya dakata, tun jiya yake turo mini hoton fure da gaisuwa. Ranar Alhamis na je Maigatari na sayo zoɓo buhu ɗaya, baƙin nan mai kauri, na sayi ƙaramin sikeli. Tsohuwa da maƙwabtanmu biyu suka baje shi a tabarma suka tsince. Jama'a, abin da ya fita na yashi, kara da 'ya'yan ya ba ni tsoro, da na sake aunawa kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Ga shi zoɓo ba nauyi sai cika wuri, giram 100 ya cika ledar da na zaci za ta ɗauki 250. Lissafin da na yi wa Baba Alhaji a takarda duk ya rushe, na sake sabo. Ƙulli 30 na yi, ba na sayarwa ba, na rabawa ne a ɗanɗana a faɗa mini gaskiya. Yaya Kabiru na tura maka sunan ta gefe a bincika. Anti, don Allah lambar kamfanin nan da ke ƙulla miki.

Kabiru Mai Kwamfuta Dutse:
Na gani. Tun kafin a je ofis, na buga sunan a Facebook na ga masu shago uku da shi, ɗaya ma kayan shayi take sayarwa a Kaduna. Ka nemo wasu sunayen guda biyu ko uku.

Auwalu Gagarawa:
Innalillahi. Ƙanwata har ta sa a status.

Maman Hanifa Haɗeja:
Gara yanzu da ba ka buga leda 5,000 ba. Na tura maka lambar, ka ce ni na turo ka, kuma ka je da kanka ka ga wurin, kada ku gama a waya. Cikin talatin ɗin nan ka ajiye biyu a ɗaki, ka rubuta kwanan wata, kada ka buɗe sai damina ta yi nisa. Sannan tabarma a ƙasa ba za ta yi ba, ka samo tebur ko tamfol mai tsafta.

Bello Wudil:
Litinin zan shiga Kano. In direban Gumel zai sauke a tasha kafin azahar, ka ba shi goma da lambata, zan raba wa masu kanti biyu da na sani su gani.

Ɗan Kura:
A sa nawa a ciki, ni ne sashen gwaji na kamfani. A haɗo da sukari.

Auwalu Gagarawa:
Yaya Bello zan kira ka Lahadi da dare in na yi magana da direban. Ɗan Kura, naka sai ka zo Gagarawa ka tsince da hannunka.